Faɗuwar da Bulus Yake Nufi a Galatiyawa 5:4

Ni ne na karanta sanarwar a ranar, domin a lokacin ni ne magatakardan majalisar dattawa. An gama wa'azi, an karɓi baiko, sai na tashi da takardata na je gaba. Yarinyar tana cikin 'yan mawaƙa tun tana ƙarama, kowa ya san muryarta, ita ce ke ɗago waƙa idan ta fara yin ƙasa. Ciki ya bayyana, ba aure. Majalisa ta zauna ta yanke mata horo na wata 6: ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za ta sa rigar mawaƙa ba, za ta koma bencin baya kusa da ƙofa. Saurayin kuwa tuni ya tattara nasa ya nasa ya bar gari.

Hukuncin yana bisa tsarin ikilisiya, kuma ba shi ne ya kawo ni nan ba. Abin da na ƙara da bakina shi ne ya hana ni sakat daga baya. Da na gama karanta takardar sai na buɗe Galatiyawa 5:4, na ce wa jama'a 'yar'uwarmu ta faɗi daga alheri, mu sa ta a addu'a. Babu wanda ya sa ni. Tun ina yaro nake jin ana jawo wannan aya a irin wannan hali, sai na ga kamar wurinta ke nan. Mahaifiyarta ta ja gyale ta rufe fuska. Ina kallonta daga inda nake tsaye.

Bayan shekara 4 na shiga ajin yamma na Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ajin da wani tsohon fasto mai ritaya yake koyarwa a barandar gidansa, mu bakwai a kan benci biyu. Hausa nake koyarwa a sakandare, nahawu shi ne abincina, saboda haka ban ji tsoron jadawalin aikatau ba kamar yadda wasu suka ji. A shekara ta biyu muka ɗauki wasiƙar Galatiyawa, kowa yana fassara aya ɗaya idan layi ya zo kansa. Layi ya kawo ni kan 5:4. Kalmomi 10 ne kacal:

κατηργήθητε ἀπὸ Χριστοῦ, οἵτινες ἐν νόμῳ δικαιοῦσθε, τῆς χάριτος ἐξεπέσατε.

Idan aka rubuta da haruffanmu: katergethete apo Khristu, hoitines en nomo dikaiusthe, tes kharitos eksepesate.

Na yi tsalle na kama kalmar ƙarshe, tunda ita na sani. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar aikatau tukuna. Nemo mini masu aikin. Su wa suka faɗi?"

Na koma tsakiyar jimlar. Hoitines wakilin suna ne na jam'i, yana ware wani rukuni: ku ɗin nan, irin waɗanda. En nomo, ta hanyar Shari'a, kuma Shari'a a bakin Bulus a nan Attaurar Musa ce. Dikaiusthe, ana baratar da ku, wato ana ɗaukarku masu gaskiya a gaban Allah. Wannan aikatau yana cikin lokaci mai ci, amma ba zai yiwu Bulus yana cewa abin yana faruwa da gaske ba, domin a 2:16 da 3:11 ya riga ya ce babu mahalukin da Shari'a take baratarwa. Helenanci yana da wannan ɗabi'a, ya ɗauki lokaci mai ci ya nuna abin da ake ta fafutukar yi amma bai tabbata ba. Mu a Hausa sai mun sako "neman" ko "ƙoƙarin" kafin ma'anar ta fito: ku da kuke neman a baratar da ku ta hanyar Shari'a.

Da na faɗi haka da bakina sai na yi shiru. Tsohon ya ɗauka kalma ce ta ƙwace mini, ya fara taimaka mini. Ni kuwa bencin baya nake gani.

Mutanen da Bulus ya ce sun faɗi ba mazinata ba ne, ba mashaya ba ne. Mutane ne masu himmar addini, waɗanda suka ga kamar bangaskiya ga Almasihu ba ta isa ba sai an ƙara mata wani abu. Galatiya tana tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau. Sunan ya samo asali ne daga wasu ƙabilun Turai da suka ƙetaro wajen shekara ta 278 kafin haihuwar Almasihu suka zauna a yankin da Ankara take yanzu. A shekara ta 25 kafin haihuwar Almasihu, bayan mutuwar sarkinsu Amintas, Romawa suka mai da ƙasar lardi, suka haɗa ta da garuruwan kudu irin su Antakiya ta Bisidiya, Ikoniya da Listira, inda Ayyukan Manzanni 13 da 14 suka nuna Bulus yana wa'azi. Masu bin da ke can yawancinsu ba Yahudawa ba ne. Bayan tafiyar Bulus sai wasu malamai suka zo suka ce musu, idan kuna son zama cikakkun 'ya'yan Ibrahim sai an yi muku kaciya. Har sun fara kiyaye ranaku da watanni da lokatai da shekaru, kamar yadda 4:10 ya nuna. Duk wanda ya gan su daga waje zai ce addininsu ƙaruwa yake yi. Bulus kuwa ya rubuta musu wasiƙar da ko godiyar da ya saba buɗe wasiƙunsa da ita bai yi ba, daga gaisuwa sai "ina mamaki".

A nan sai in ɗan ratse, domin a wurinmu kusan kowane ɗa namiji ana yi masa kaciya, kuma na taɓa ganin wani matashi ya rikice da ya karanta wannan babi. Aska ba ita ce damuwar Bulus ba. Aya biyu a gaba, a 5:6, ya ce kaciya da rashinta duk ba su da wani tasiri cikin Almasihu, kuma shi da kansa ya yi wa Timoti kaciya a Ayyukan Manzanni 16:3. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne dalilin yinta: a ɗauke ta a matsayin kuɗin shiga, a ce sai da ita Allah zai karɓi mutum. A 5:3 ya ce wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya ci bashin Shari'a gaba ɗayanta.

To, yanzu ga aikatau ɗin da na yi wa tsalle.

Saiwarsa pipto, in faɗi. Yana fitowa kusan sau 90 a Sabon Alkawari, kuma yawanci faɗuwa ce irin wadda kowa ya sani: iri ya faɗi a bakin hanya, gida ya faɗi, yaro ya faɗa wuta. Abin da ya burge ni a matsayina na malamin Hausa shi ne yadda harsunan biyu suke sarrafa faɗuwa. Mu ƙeyar kalma muke taɓawa. Ya faɗi ƙasa, ya faɗo daga bishiya, ya faɗa rijiya: saiwa ɗaya, wasalin ƙarshe ne yake gaya maka inda aka dosa. Su kuma goshin kalma suke taɓawa. Su liƙa em- su sami empipto, tunkiya ta faɗa rami a Matiyu 12:11. Su liƙa epi- su sami epipipto, uban nan ya faɗa wuyan ɗansa da ya dawo a Luka 15:20. Peripipto shi ne abin da ya sami matafiyin Yariko da ya faɗa hannun 'yan fashi. Prospipto, a zube a gaban wani. Har kishingiɗa don cin abinci da wannan saiwa suke faɗinta, anapipto.

Namu ɗafa-goshinsa ek-, daga ciki zuwa waje. Ekpipto bai cika damuwa da inda abu ya sauka ba. Idonsa yana kan wurin da abin ya bari.

Sau 10 kalmar ta fito a bugun Sabon Alkawari na Helenanci da muke karatu da shi, kuma a daren nan sai da na bi su duka da fitilar caji, ina rubutawa a bayan takardar jarrabawar ɗalibai. A Ayyukan Manzanni 12:7 Bitrus yana barci a kurkuku tsakanin soja biyu, ɗaure da sarƙa biyu, mala'ika ya taɓa shi, sarƙoƙin suka zube daga hannuwansa. A Yaƙub 1:11 da 1 Bitrus 1:24 fure ne yake kaɗewa daga ciyawa, maganar da aka ɗauko daga Ishaya 40 a tsohuwar fassarar Helenanci. Wanda yake da mangwaro a gida ya san wannan, iskar hunturu ta kaɗa da dare, da safe ka tarar da fure ya rufe ƙasa, bai karye ba, bai ruɓe ba, ya dai rabu da abin da ke ciyar da shi. A Romawa 9:6 Bulus ya ce maganar Allah ba ta faɗi ba, wato ba ta tashi a banza ba.

Huɗu daga cikin goman suna cikin babi ɗaya, Ayyukan Manzanni 27, labarin jirgin ruwan da ya ɗauko Bulus zuwa Roma da mutum 276 a ciki. Guguwa ta fizge su daga gaɓar tsibirin Karita. A aya ta 17 matuƙan suna tsoron kada su ekpipto a kan yashin Sirtis, can gaɓar Libiya ta yau. A aya ta 26 Bulus ya ce lalle sai sun ekpipto a wani tsibiri. A aya ta 29, dare na 14, sun gwada zurfin ruwa sun ga yana raguwa, suka ji tsoron kada su ekpipto a kan duwatsu, suka saki anga huɗu ta baya suna fatan gari ya waye. A bakin masu jirgi kalmar tana nufin iska ta kawar da kai daga hanyarka ta kai ka inda ba ka nufa ba. Ta huɗun ita ta fi tsaya mini a rai. Matuƙan sun sauke ƙaramin kwalekwalen jirgin suna shirin sulalewa su bar fasinjoji, Bulus ya tona, sai sojoji suka yanke igiyoyin suka bar shi ya ekpipto. Ba a ce kwalekwalen ya tsage ba. Igiya kawai aka yanke, ruwa ya tafi da shi.

Washegari na kawo wa tsohon wannan hoto ina murna, na ce ga ma'anar Galatiyawa 5:4. Ya ce in yi a hankali. Kalma ba buhu ba ce da za ka zazzage duk abin da ke cikinta a kan aya ɗaya. Ya sa ni in dubi abin da ke biye da aikatau a kowane wuri. A ayoyi uku na farko na babin jirgin, ƙananan kalmomin da ke rakiyarsa, eis da kata, suna nuna inda za a je a faɗa. A Galatiyawa babu ko ɗaya. Abin da ke nan shi ne tes kharitos, sunan alheri a sigar da aka fi sani da nuna mallaka, wadda kuma Helenanci yake amfani da ita wajen nuna rabuwa. Ek- da ke goshin aikatau ya riga ya ce "daga", sunan kuma ya ɗauki sigar da ta amsa masa. A Sabon Alkawari, wurin da ya fi kusa da wannan gini shi ne 2 Bitrus 3:17, inda aka gargaɗi masu bi kada su faɗi daga tsayuwarsu. Helenawan dā ma haka suke gina shi idan sarki ya rasa gadonsa: ya ekpipto daga mulki. Waɗanda aka kora daga garinsu kuwa, marubuta irin su Zenofon da wannan aikatau suke kiransu, waɗanda suka faɗo waje. Saboda haka abin da ginin yake faɗa shi ne mutum yana da matsayi, yana cikin wani abu, yanzu ba ya ciki.

Wannan ƙaramar tes ma tana da aiki. Ba wani alheri ne kawai ba, alherin ne, wanda aka riga aka sani, wanda 1:6 ya ce a cikinsa aka kira su, wanda Bulus ya ce a 2:21 shi ba zai wofinta shi ba. Kuma ya sa shi gaba da aikatau, kamar mai ɗaga abu sama ya ce ku dubi abin da kuka saki. A Romawa 5:2 ya kira shi alherin nan da muke tsaye a cikinsa. Aya uku kafin tamu, a Galatiyawa 5:1, umarninsa shi ne stekete, ku tsaya. Alheri a tunanin Bulus wuri ne da ƙafa take takawa. Wanda ya ɗaga ƙafarsa ya ɗora a kan Shari'a ya bar wancan wurin, ko da rigarsa fara ce fat.

Akwai wani ɗan abu a ƙeyar kalmar da ya faranta mini rai. A Helenancin Atina na dā, eksepesete za a ce. Bulus ya rubuta eksepesate, da wasalin a, domin a zamaninsa mutanen kasuwa da tashar jirgi sun fara jawo ƙarshen aikatau na yau da kullum suna liƙa wa waɗanda ba su bin ƙa'ida. Haka Luka ya yi da sarƙoƙin Bitrus, eksepesan. Ma'ana ba ta canza ba ko kaɗan. Amma yana tuna mini cewa da harshen da ake ciniki da shi aka rubuta wa mutanen nan, kuma da aka karanta musu wasiƙar a taro babu wanda ya nemi ƙamus.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne lokacin aikatau ɗin. Sigar da ake kira awuris ce, wadda aka fi fassarawa da lokacin da ya shuɗe, kuma na sha jin masu wa'azi suna cewa awuris yana nufin abu ya faru sau ɗaya, an gama, babu komowa. Nahawu bai ce haka ba. Awuris yana kallon aiki ne a dunƙule, kamar mai hangen gari daga kan dutse, bai ce komai ba a kan ko za a iya warware shi. Abin da zai gaya mana halin da Galatiyawa suke ciki shi ne maganar da ke kewaye. A 5:2 Bulus ya ce "idan kuka yarda aka yi muku kaciya", da sharaɗi, alamar cewa aska ba ta riga ta sauka ba. A 5:10 ya ce yana da tabbaci a kansu cikin Ubangiji. A 5:11 da 5:13 yana ta kiransu 'yan'uwa. Ni abin da na fahimta shi ne yana magana kamar yadda uwa take cewa yaron da ke wasa a bakin rijiya "ka mutu!" Ta sa abin a lokacin da ya shuɗe don ya ga ƙarshen hanyar da ya ɗauka tun bai kai ba. Mu ma muna yin haka kullum: idan ka sa hannu a takardar nan, gonarka ta tafi.

Ko mai bi na gaskiya zai iya rasa cetonsa, wannan tsohuwar muhawara ce, har majalisa aka zauna a kanta a garin Dort na ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, kuma har yau ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba. Wasalin ƙarshen kalma ɗaya ba zai raba wannan gardama ba, kuma duk wanda ya ce maka ya raba ta da awuris ya ɗora wa nahawu kayan da ba nasa ba. Abin da ba na so shi ne a yi amfani da muhawarar a rage wa gargaɗin kaifi. Bulus da gaske yake.

Kalmar farko ta ayar tana ƙara nuna haka. Katergethete apo Khristu. Saiwarta tana da alaƙa da argos, abin da ba ya aiki, kuma idan aka haɗa ta da apo tana nufin an warware abin da ya ɗaure ka da wani. Da wannan ginin Bulus ya ce a Romawa 7:2 macen da mijinta ya mutu an sake ta daga dokar mijin. Igiyar aure ta tsinke ke nan. A Romawa 7:6 ya ce an warware mu daga Shari'a, yana murna. A Galatiyawa ya juya maganar: mai komawa ga Shari'a, daga Almasihu aka warware shi. Sai jimlar ta zama aikatau a farko, aikatau a ƙarshe, tsinkewa a wannan gefe, faɗuwa a wancan, masu neman barata ta hanyar Shari'a a tsakiya. Ni na zo na cire tsakiyar, na ɗauki wutsiyar na jefi yarinya da ita.

Mako uku bayan haka muka kai babi na 6, a nan ne abin ya gama kama ni. Galatiyawa 6:1 yana cewa, 'yan'uwa, idan aka kama mutum cikin wani paraptoma. Tsohon ya rubuta kalmar a allo ya ja layi a tsakiyarta: para, a gefe, ptoma, faɗuwa. Saiwar pipto ce dai. Laifi, zamewar ƙafa a gefen hanya. Ashe faɗuwa biyu ce a wasiƙar, tsakaninsu bai fi aya 23 ba, kuma Bulus bai haɗa su ba. Irin faɗuwar da mu muke nufi idan muka ce "wance ta faɗi" tana 6:1, kuma a can bai ce mutumin ya fita daga alheri ba. Cewa ya yi ku da kuke na Ruhu ku katartizete shi cikin ruhun tawali'u. Wannan aikatau shi ne wanda Markus 1:19 ya yi amfani da shi ga 'ya'yan Zabadi suna zaune a jirgi suna gyaran tarunsu. Mai gyaran taru zama yake yi, ya ɗora yagaggen wurin a gwiwarsa, ya bi zare ɗaya-ɗaya, domin gobe da shi zai fita kamun kifi. Umarnin yana cikin lokaci mai ci, aiki ne da ake ɗaukar lokaci ana yi. Sannan a tsakiyar jimlar Bulus ya sauya daga jam'i zuwa tilo: kana lura da kanka, kada kai ma a jarabce ka. Ya bar taro ya kama mutum ɗaya, mai gyaran.

Kada a fahimce ni a karkace. Bulus bai ɗauki zunubi da wasa ba, jerin ayyukan jiki da ke 5:19 zuwa 21 da fasikanci ya fara, kuma ya rufe shi da gargaɗi mai nauyi. Horo yana da gurbinsa, 1 Korantiyawa 5 tana nan. Har gobe idan majalisa ta zauna a kan irin wannan magana zan zauna. Amma yarinyar da ta zo gaban dattawa tana kuka, ta amsa laifinta, ta karɓi hukunci ba gardama, ba ta da abin riƙewa a duniya sai alheri. Ita ce ta fi kowa a ɗakin nan manne masa. Idan akwai wanda 5:4 ta fi kusa da shi a ranar, sai a nemo shi cikin masu lissafin zakkarsu da azuminsu da shekarun da suka yi ba a taɓa jin kansu ba, suna jin cewa wannan ne ya sa Allah yake karɓarsu. Na san wannan lissafi domin na yi shi. Ina tsaye a gaba da takarda a hannu, a zuciyata ina gode wa Allah cewa gidana ba a taɓa kawo irin wannan ba.

Na yi kwanaki ina juya yadda za a faɗi eksepesate da Hausa. "Kun ɓalle" yana da kyau, amma ya cika nuna ganganci, kamar masu ɓallewa daga jam'iyya. "Alheri ya suɓuce muku" ya mai da alheri mai aikin, alhali a Helenanci su ne masu aikin. "Kun zame daga alheri" ya fi kusa a kunnena. Daga baya na ga "kun faɗi daga alheri" ba ta da laifin komai, har ma tana riƙe da amsa-kuwwar "ku tsaya" da ke 5:1. Matsalar a kunnenmu take, domin a majami'unmu "faɗi" ta riga ta zama sunan zunubi ɗaya tak, da an ce wane ya faɗi kowa ya san abin da ake nufi. Maganinta kawai a karanta ayar daga farkonta.

Ranar wata Asabar da la'asar na tafi gidansu. Horonta ya ƙare da daɗewa, an karɓe ta, amma ba ta koma cikin mawaƙa ba, kuma ba ta tashi daga bencin baya ba. Ɗinki take yi a ɗan shago a ƙofar gida. Na yi sallama, mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, aka kira ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, zaren ɗinki yana maƙale a zanenta. Na ce, "'Yata, na zo neman gafara ne. Ranar da na karanta sanarwarki na ɗora miki ayar da ba taki ba."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Baba, hukuncin bai yi mini ciwo ba, na san abin da na yi. Kalmar ce. Na ɗauka an ce alheri ya ƙare a kaina. Ina zuwa sujada ne saboda Mama."

Shekara 6 ke nan tana ɗauke da wannan.

Na buɗe Littafi na miƙa mata, na ce ta karanta 5:4 da kanta, daga farko. Ta karanta, ta sake karantawa tana bin layin da yatsa. Na juya mata shafi zuwa 6:1. Mahaifinta ya matso yana leƙawa ta kafaɗarta. Ban yi musu maganar awuris ko ɗafa-goshi ba, babu bukata, tsakiyar ayar tana nan da Hausa ƙuru-ƙuru, shekara da shekaru tana gabana. Da ta gama ta rufe Littafin ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce ta yafe. Mahaifinta ne ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, mun gode da ka tako. Amma a gaban jama'a ka faɗa."

Na kai maganar ga fasto da majalisa, aka ba ni minti biyar bayan baiko, daidai lokacin sanarwa. Na tsaya a inda na tsaya a wancan karon. Ban ambaci sunanta ba, ita ta roƙi haka. Na ce shekarun baya na karanta rabin aya a kan wata 'yar'uwa, yau zan karanta ta duka, na karanta, na bi ta da 6:1, na ce kuskuren nawa ne. Wasu dattawan ba su ji daɗi ba, ɗaya ya same ni a waje ya ce irin wannan yana rage wa majalisa kwarjini. Na saurare shi har ya gama.

Ta zo a ranar, ɗanta yana gefenta yana wasa da murfin biro. Da aka tashi waƙar rufewa na ji muryarta daga can baya, a hankali, ba kamar dā ba. Har yanzu a bencin nan take zama, kusa da ƙofa. Shugabar mawaƙa ta je wurinta sau biyu, ta ce a ba ta lokaci.